Wankan Jegon Da Ba A Yi A Gidana Ba

Kafin a yi wa maigidana dashen ƙoda, babu bikin da za a yi daga Ƙafin Maiyaki har Tudun Wada ba a gan ni ba. Ni ce mai rabon waina, ni ce mai guɗa. Ranar da za a sallame mu daga asibiti a Kano, likita ta zaunar da ni ta ce maganin da zai sa jikinsa ya karɓi sabuwar ƙodar shi ne kuma zai raunana garkuwar jikin. Murar da wani zai yi kwana uku ya warke, shi tana iya mayar da shi gadon asibiti.

Muna dawowa na kafa benci a zaure. 'Yan dubiya suka yi ta zuwa da lemo da kankana, ina karɓa, ina godiya, ina tare hanya. Wata ta ce na zama soja, wata ta ce na mallake shi. Na ji haushi ƙwarai, amma ban matsa ba.

Zaman kuwa bai gundure ni ba. Shekara talatin da aure, sai yanzu na san mutumin nan bakinsa da labari. Da la'asar mukan zauna a gindin mangwaro, ina tsinkar zogale, yana zana mini garinsu da ruwan Tiga ya cinye, gida-gida, har inda akuyar kakarsa take kwana.

Sai babbar 'yarmu ta sami cikin fari. Kowa ya san gida za ta dawo ta haihu, in yi mata wankan jego kwana arba'in. Ni kuma na san abin da zai biyo baya: 'yan barka cike da tsakar gida, kowacce da goyo, wannan na tari, wancan na majina. Na kira ta a waya.

"Bebeji za ki, wurin Goggonki."

Ta ce, "Umma, korata kike yi?"

"Babanki nake tsarewa."

Ta kashe wayar. Na shiga madafa na sha kukana, na wanke fuska, na fito na ba shi maganinsa.

Goggon, yayar maigidan, ita ta dafa ruwan wanka ta dama kunun kanwa. Ni yaji kawai na daka na aika. Ranar suna ina gida, kuma tun daga nan gaisuwar 'yata a waya ba ta wuce "ina kwana."

Da ta yi arba'in sai ga ta da jaririya a baya. Maigida ya miƙe zumbur ya buɗe hannuwa. Na gaji da zama muguwa, a raina na ce yau dai ba zan hana ba. Sai ita ta ja da baya.

"Baba, tsaya daga nan. Tun jiya take atishawa."

Ta kwance goyon ta ɗaga masa daga bakin rijiya. Ya miƙa wuya yana dariya, ya ce, "Amaryata, tun yau kin fara yi mini yanga?"

Na taso zan karɓe ta. 'Yata ta dube ni ta ce, "Ke ma haƙuri za ki yi, Umma. Ke kike ba shi abinci."

Na koma na zauna, hannuwana a cinya, ina kallon jikata daga nesa, raina fari ƙal.