Muryar Abokina a Bakin Tanki

Shekarun baya, ni da abokina muka haɗa wata 'yar na'ura don rijiyar burtsatse mai sola ta ƙauyenmu, can wajen Gezawa. Aikinta ta lura da tanki, in ya cika ta kashe injin, ta sanar da jama'a ta lasifika. A lokacin ji nake duk Kano babu injiniya kamata, alhali kusan kowane sati sai abar nan ta ba ni kunya. Da hadari ya rufe rana sai wuta ta yanke tana tsakiyar rubutu a katin memori, komai ya dagule, ta ƙi tashi.

Abokina ne ya kawo shawarar mu kulle katin: ta riƙa karanta abin da ke ciki, amma kada ta ƙara rubuta komai a kai. Abin da ta gani da rana ta riƙe a ka, wuta na ɗaukewa ta manta. Kafin mu kulle ya ɗauki muryarsa: "Tanki ya cika, a zo a ɗiba!" Akuya ta yi kuka a bayansa, dariya ta kuɓuce masa. Na ce mu goge mu sake. Ya ce, "Kai dai kulle, Malam. Ruwa za su sha, ba wa'azi ba."

Tun daga nan ba ta sake lalacewa ba. Shi kuwa damina na zagayowa zazzaɓi ya kwantar da shi, Allah ya karɓi abinsa.

Bayan an share makoki dattawa suka ce in canza muryar, don mata kuka suke yi a bakin famfo. Na zo da sabon kati, na tarar da mahaifiyarsa zaune a gindin tankin, ko bokiti ba ta zo da shi ba.

Ta ce, "Ɗan nan, ita wannan abar ta san ya rasu?"

Na ce, "A'a Inna, ba ta riƙe sabon abu. Kullum a ranar da muka kulle ta take farkawa."

Ta ce, "To ka bar min ita. Duk garin nan ita kaɗai ce ba ta yi min gaisuwa ba."

Na mayar da katin aljihu, na je na ba dattawa haƙuri. Sai da Inna ta bi ɗanta sannan na canza.

Har yau sana'ata ke nan, kuma duk na'urar da zan kulle sai ya faɗo min a rai. Tsohon katin yana cikin akwatina, ban taɓa iya kunna shi ba. Maganar zan iya jurewa. Dariyar nan ce ba zan iya ba, wadda na ce a goge.