Ranar da Na Amsa Sallama a Madadin Inna Rabi

Ƴan promo, abokan karatuna, wallahi ko na tsuhwa ba ni mance ranar da Inna Rabi ta Dogarawa ta zo muna!

Ina sitaj, wato koyon aiki, ɗakin haƙori nan Konni. Tsohuwa ta biya kujerar Makka, burinta guda: ta dawo da haƙorin zinari a gaba. To haƙorin nan an taɓa aikinai, an sa mai ɗan tsinke na fibir cikin saiwa don ya riƙe. Yanzu ƙasan ya rure, sai an hidda tsinken a wanke. Shi kuwa ba a hizge shi, da inji ake cinye shi kaɗan-kaɗan ta tsakiya. Kalarsu guda da haƙori. Hannu ya goce, ka huda saiwa, sai cirewa. Ba saiwa, ba zinari.

Dokto ya ce, "Inna, ko motsi."

An hwara ke nan, sai "Salamu alaikum!" ta taga. Ƴan rakiya, mota guda! Inna, inji cikin baki: "Wa'alaikumus..."

Dokto ya janye hannu kamar ya taɓa wuta.

"Haba Inna!"

"Likita, a yi min sallama in yi shiru? Ni da za ni ɗakin Allah?"

Munka ruhe taga, sunka zagayo ƙohwa. Sai na ce, "Inna, ai in mutum guda ya amsa cikin taro, ya ɗauke ma kowa."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Kana salla dai?"

"Ina yi."

"To ka kai ta har wabarakatuhu."

Dokto ya amshe tiyon tsotse miyau daga hannuna, ya ce, "Bakin ƙohwa!"

Nan na zama Inna Rabi. Ina gajiya? Ba gajiya. Ya jiki? Da sauƙi. Wata ta tambaye ni ko akuyata ta haihu, na ce tagwaye. Ina waigawa, Inna ta ɗaga yatsa guda.

Tsinke ya hita tas, hoto ya nuna saiwa garas! Dokto har da ce min barabo, wai aikina ya yi kyau, ni da ban ga aikin ba ko da wutsiyar ido.

Ku riƙe wannan, don babu shi cikin kayenmu na darasi: allurar kashe zahi tana kashe jijiya, amma ba ta kashe gaisuwa.