Shirun da Na Yi a Ƙofar Rumfata

Assalamu alaikum. Ina roƙon edita ya ba ni ɗan fili in sauke wani nauyi da na daɗe ina ɗauke da shi. Ni mai wankin hula ne a Ƙofar Kwaya, kuma a lokacin da abin nan ya faru ni mutum ne da ya daina yarda da idonsa. Dalili kuwa, na taɓa tsaya wa wani baƙo daga ƙauye har maƙwabcina ya ba shi babur ya yi acaɓa, yaro ya tafi da babur, har yau babu labarinsa. Daga nan na zama abin tsokana a unguwa. In na zo wucewa ta majalisa sai matasa su ce a kauce ga Malam mai raba babura, wani ya ce shi ma a tsaya mashi mota yake so. Nakan yi dariya, amma a zuciyata na riga na yanke wa kaina hukunci cewa ni wawa ne wanda bai san mutane ba, kuma bakina ba zai ƙara shiga maganar baƙo ba.

Wata rana bayan azahar wani dattijo Bafillace ya tsaya a rumfata ya yi sallama, da sandarsa da malfa, ƙafafunsa duk sun yi furu-furu. Muka gaisa sosai, na tambaye shi gida da dabbobi, na ba shi benci. Ya ce mani yana neman gidan wani ɗan uwansu ne da aka ce yana zaune tsakanin nan da Ƙofar 'Yandaka, don suna da majinyaci a asibiti, an ce a kawo jini, nashi kuma likita ya ce tsufa ya hana a ɗiba. Na tambaye shi wane ne ba lafiya, sai ya sunkuyar da kai ya ce wani yaro ne na wajensu. Nan take na gane ɗansa ne na fari, domin mahaifina ma, Allah ya jiƙansa, har ya koma ga Mahaliccinsa bai taɓa kama sunan yayanmu ba. Na yi mashi addu'a, na ce ban san gidan ba, ya tashi ya ci gaba da bin lungu yana tambaya.

Lokacin kuwa gari a tsorace yake saboda 'yan bindiga, kowa na maganar masu kai masu rahoto. Bayan la'asar ina cikin ɗora huluna a kan gungume sai na ji hayaniya. Ga matasa sun taso dattijon a gaba har ƙofar rumfata, wai tun ɗazu yake leƙa gidajen mutane. Wani ya ce Baffa ya faɗi sunan mara lafiyar in gaskiya ne. Dattijo ya ƙi kama sunan. Aka ce to ɗan wane ne, ya ce na wajensu ne. Sai wani ya kwashe da dariya ya ce ku ji fa, majinyaci ba suna ba uba, halan aljani ne aka kwantar. Dattijon ya ɗago ya dube ni, ya ce ai Malam ya san zancen. Duk suka juyo. Wani ya ce a'a, in dai Malam ne shaida to magana ta ƙare, a tambayi babur.

Wallahi amsar tana bakina, kalma biyu ce, ɗan fari. Amma sai zuciyata ta ce mani kai wane ne, wancan ma ai haka ka rantse a kansa. Na sunkuya a kan huluna kamar ban ji ba. Ban ɗago ba sai da na ji ƙarar mari, sannan ta gora. Malfar ta faɗo cikin bahon wankina. Dattijon yana durƙushe, jini na fita ta kunnensa, bai yi ihu ba, salati kawai yake yi. Ban san lokacin da na faɗa tsakiyarsu ba ina cewa ku ji tsoron Allah, ɗansa ne na fari, kunya ce ta hana shi faɗa, wanda bai yarda ba ya biyo mu asibiti.

Biyu daga cikinsu suka shiga keke mai ƙafa uku tare da ni da dattijon, suna cewa yau ƙarya za ta ƙare. Muka isa asibiti, dattijon ya kai mu bakin wani gado. Magidanci ne kwance, an naɗe cinyarsa, 'yan bindigar da ake zargin uban da yi wa aiki su ne suka harbe shi suka kore shanunsu. Da ya ga fuskar mahaifinsa ya yunƙura yana tambayar abin da ya faru, sai dattijon ya kau da kai ya ce daga kan babur ya faɗo. Ɗaya daga cikin matasan ya fita waje yana kuka, ɗayan ya naɗe hannun riga ya ce a gwada nashi jinin. Majinyacin ya rayu, alhamdulillahi, amma kunnen dattijon na dama bai ƙara ji ba.

Na daɗe ina tunanin abin nan. Da na ɗauka raina kai tawali'u ne, ashe akwai raina kan da yake sa mutum ya ɓoye shaidar da Allah ya ɗora mashi. Baƙo ɗaya ya cuce ni, sai na hukunta kaina fiye da laifina, wani baƙon da bai ji ba bai gani ba ya biya. Ba na ce a yarda da kowa ba, zamanin bai bar mu ba. A bincika, a tambaya, a bi mutum har inda ya ce. Amma ina gargaɗin duk wanda ya taɓa kuskure a kan mutane, kada tsokanar majalisa ta kulle mashi baki ranar da ya san gaskiya. Dattijon ya ce ya yafe tun a asibiti, har yakan biyo ta rumfata in ya shigo gari. Sai dai duk sanda na gaishe shi, sai ya juyo mani da kunnen hagu ya ce in maimaita.