Minti Ukun da Ba a Yanke Ba

Kundin yana da waƙoƙi goma sha huɗu, kuma a bangonsa an rubuta cewa waƙoƙi ne da ba a taɓa ji ba. Wannan ba daidai ba ne. An ji su. Waɗanda aka yi dominsu sun ji su a tsakar gidajensu ranar biki, sannan suka ajiye. Waƙa ta tara a jerin, tamu ce, kuma ita ce ta fitar da yayana daga gidan da ya gina a wani ƙauye kusa da Ruwan Godiya.

Mawaƙin mutumin Sabuwa ne. Ba ya ihu a waƙa, ba ya sa ganga mai ƙarfi. Fiyano ne a hankali da murya mai laushi, irin wadda mace za ta sa tana tsintar shinkafa, direba ya sa yana tuƙi ba ta ɗauke masa hankali ba. Na yi shekaru ina sa waƙoƙinsa a shirin hantsi a gidan rediyon da na yi aiki, har muka zama abokai. Da gara ta shiga ɗakinsa ta ci masa kwali guda na kaset, sai ya riƙa aiko mini da kwafin duk abin da ya yi, in ajiye masa.

Bayan waƙoƙin kasuwa yana yin na biki, kuma waƙar biki kashi biyu ce. Kashin farko na kowa ne: so, haƙuri, zaman aure. Kashi na biyu shi ne ambato. Dangin amarya ko na ango su rubuta takarda su ba mawaƙi, ya jero mutanen gida da abin da Allah ya ba su. Kowa ya san ana ƙara gishiri, kuma ba wanda yake kiran wannan ƙarya. Ado ne na yini ɗaya, kamar babbar rigar aro. Kaset biyu ake yi, ɗaya na masu biki, ɗaya na mawaƙi.

A rediyo, idan waƙar biki ta yi daɗi muna so mu sa ta, sai mu cire ambaton. Ba a rubuce dokar take ba. Makon da na fara aiki, tsohon injiniyanmu ya ɗora mini reza a hannu, ya nuna mini inda ake yanke zaren faifai a liƙe da salatif, ya ce da zarar mawaƙi ya fara kiran sunaye, waƙar ta koma ta masu gida. Da kwamfuta ta zo muka ajiye reza, muka ci gaba da yankewa. Na yi shekara talatin ban taɓa barin sunan gidan wani ya fita ta hannuna ba.

Tamu an yi ta ne a bikin babbar 'yar yayana, kafin daji ya lalace. Ni aka ba rubuta takardar, tunda ni ne mai Hausar rediyo. Na zauna a zaure na rubuta ta da kyau, ina jin daɗin kaina. Yayana yana da shanu kaɗan a lokacin, na mai da su garken da ba a ƙirga shi a tsaye. Rumbunansa biyu, na ce masara tana kwana shekara uku a gidansa. Babban ɗansa yana gadi a wani gidan mai a Kudu, na rubuta ma'aikacin kamfanin mai. Kuma saboda aikina ya koya mini cewa labari ba ya cika sai da wuri, na ƙara abin da ba a tambaye ni ba: gidan da ke bayan masallacin Juma'a, bayan rijiya, mai shuɗiyar ƙofar ƙarfe. A ƙauyen nan ita kaɗai ce ƙofar ƙarfe, kuma yayana yana ji da ita. Ranar bikin da waƙar ta zo kan ƙofar, ya rufe fuska da hannun riga yana dariya.

Mawaƙin ya rasu shekara biyu da suka wuce. Bayan an yi arba'in da 'yan watanni, babban ɗansa ya same ni a Ƙanƙara, inda na zauna tun da na bar aiki. Magidanci ne mai 'ya'ya, yana da situdiyo nasa. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce yana so ya tara waƙoƙin mahaifinsa da ba su shiga kasuwa ba, kada su ɓace. Na ji daɗi. Na ɗauko kwalin na ba shi, har na taya shi ɗaurewa a bayan babur. Na gaya masa waɗanda zarensu ya yi laushi, na gaya masa ya wanke kan rikoda kafin ya sa kowanne. Ban ce masa ya yanke ambato ba. Bai zo mini a rai ba. A wurina kamar in ce wa baligi ya cire takalmi a ƙofar masallaci ne.

Na fara jin waƙar tamu a waje ne a Mairuwa, a rumfar mai cajin waya, ina jiran mota. Na gane ta daga bugun fiyano na farko. Na duba agogo, don hannuna ya saba. Kashin farko minti huɗu ne da daƙiƙa goma, kuma na tsaya ina jiran sautin ya sauka a nan. Bai sauka ba. Muryar abokina ta kira sunan yayana da sunan mahaifinmu, ta kira ƙauyen, ta bi ta bayan masallaci, ta wuce rijiya, ta tsaya a shuɗiyar ƙofa. Minti uku cur. Wasu matasa biyu suna miƙa memori a tura musu. Na tambayi mai rumfar tun yaushe take wurinsa. Ya ce ta kai sati uku, kuma a kundin duka ita aka fi tambaya.

A yankinmu yanzu mutum yana ɓoye buhun takinsa. Wanda ya sayi babur sai ya shafa masa laka. Wanda ɗansa ya samu aiki a birni sai ya ce yana dako. Mutanen daji suna biyan masu kai musu labarin wanda yake da abin da za a karɓa, kuma an sha kama irin waɗannan a cikin maƙwabta. Ga shi mun ba su labarin kyauta, da kiɗa, da kwatancen gida.

Washegari na je situdiyon. Ɗan mawaƙin yana zaune gaban kwamfuta, ya miƙe da fara'a.

"Baba, ka ji aikin? Ko daƙiƙa ɗaya ban taɓa ba. Yadda marigayi ya yi su haka na fito da su."

"Shi ya kawo ni," na ce. "Me ya sa ba ka cire ambato ba?"

"In cire mi? Ai shi mutane ke so. Kashin farko duk sun san irinshi. Wurin sunayen ma sai da na ɗaga murya, don a kaset ɗin ta shige cikin fiyano."

Ya faɗi wannan yana jiran in yaba. Na ce masa ya zauna, na yi masa bayani dalla-dalla, yadda nake karanta labarai, don na san idan na ɗaga murya zai ji muryar ne ya bar maganar. Na ce waƙoƙi biyar a kundin na biki ne, gidaje biyar ke nan, a Sabuwa da Faskari, kowanne da sunan mai shi da inda yake. Na tambaye shi ko ya nemi izinin ko da gida ɗaya.

"Baba, yabo ne fa. Wa ke neman izini kafin shi yabi mutum?"

"Yabon da aka yi kafin a fara sace mutane."

"To ni na san haka? Ni waƙa na gani." Ya jawo aljihun tebur ya fito da wata takarda da ta yi ja. "Wannan a cikin gidan kaset ɗin na same ta. Na ce ko rubutunka ne."

Rubutuna ne. Har da layin da na ja a ƙarƙashin shuɗiyar ƙofa, don kada mawaƙi ya tsallake.

Na ce ya janye kundin. Ya ce zai iya cirewa daga shafinsa yau ɗin nan, amma waƙar tana wayar kowa daga nan har Zamfara, kuma ba shi da hanyar shiga aljihun mutane. Wannan gaskiya ce, kuma ita ta fi ba ni haushi. Har yau ina fushi da shi. Mutum ya gaji muryar ubansa, ya gaji kayan aiki da suka fi namu, bai gaji tambayar da ake yi kafin a saki magana ba: wa za ta taɓa? Amma takardar tana aljihuna lokacin da na fito, kuma ba shi ya rubuta ta ba.

Na isa ƙauyen bayan azahar. Yayana yana zaune a gindin bango, ƙofar nan a bayansa an shafe ta da baƙin mai, shuɗin yana leƙowa ta gefe. Tun ina saurayi yake kirana ɗan rediyo.

"Ɗan rediyo, ka zo ganin garken?" Ya nuna shanun huɗarsa biyu da haɓa. "Ga su nan. Ka ƙirga a zaune, an ce ba a ƙirga su a tsaye."

"Yaya, ka ji ta ke nan."

"Kawo mini ita aka yi har gona."

Ya ce ranar Talata da hantsi yana duba masara, babur ya tsaya a bakin gonar. Mutum biyu, ba su ko rufe fuska ba, na baya da bindiga a rataye, waƙar tana tashi daga aljihun na gaba. Suka gaishe shi da ladabi, suka kira shi mai shuɗiyar ƙofa, suka tambayi lafiyar na kamfanin mai.

"Na ce musu gadi shi kai, kuma an ma sallame shi bara. Suka yi dariya. Babban ya ce, Alhaji akwai ɓoyon arziki, to mawaƙi zai yi ƙarya ne? Ya ce in an cire amfani za su zo gaisuwa sosai."

"Ka taho Ƙanƙara. Yau."

"Ƙanƙarar taku aljanna ce?"

"Ba aljanna ba ce. Amma ba wanda ya san ƙofarka a can."

"Masara saura sati uku." Ya dube ni. "Kai da ka iya kwatance, ka kwatanta mini yadda ake barin masara saura sati uku."

Na ce masa ni na ba da kaset ɗin, kuma ban ce a yanke ba. Ya ce ya sani, wa kuma yake da shi. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Ya ƙi biyo ni ranar. Abin da ya tashe shi maƙwabta ne. Kwana huɗu bayan haka mai unguwa ya zo da dattawa uku, mutanen da suka ci tuwon bikin nan, suka yi rawa da waƙar. Suka zauna a zaurensa suka yi ta kewaye-kewaye, sannan liman ya ce idan baƙin suka zo ba su tarar da garke ba, ba za su koma hannu wofi ba, kuma gidajen da ke kusa da rijiya ba su da ƙofar ƙarfe. Ba su ce ya tashi ba. Shi ya ce zai tashi, suka yi masa addu'a.

Ya iso gidana a bayan a-kori-kura da matarsa da 'ya'yansa mata biyu da tabarmi da tukwane. Ya sayar da shanun. Masarar ya bar wa wani ɗan'uwanmu ya cire, abin da ya iso mu bai kai rabi ba. A saman kayan an ɗaure ƙofar. Ya cire ta da kansa, ya toshe gurbin da kara. Tana jingine a bangon tsakar gidana, kuma ruwan sama ya wanke baƙin man.

Na yi abin da na iya. Na zauna na yanke waƙar a minti huɗu da daƙiƙa goma, na saukar da sautin a hankali yadda ba mai jin tabo, na yi wa sauran huɗun haka. Na zuba su a memori, na bi rumfunan masu tura waƙa a Ƙanƙara da Faskari da Mairuwa ina roƙonsu su goge tsohuwar su riƙe wannan. Wasu suka karɓa don furfurata. Na Mairuwa ya sa a kunne ya saurara har ƙarshe, ya miƙo mini abuna.

"Baba, taka guntuwa ce. In na tura ma mutum wannan, dawo mini zai yi."

Yayana yana wuni a benci a ƙofar gidana, mutumin da bai taɓa wuni a zaune ba. Wani lokaci mai babur yakan wuce da waƙar, sai ya sunkuyar da kai har sautin ya yi nisa. Muna cin abinci a kwano ɗaya, muna tafiya masallaci tare, bai taɓa tayar da zancen ba. Abu ɗaya ne ya canja. Tun ranar da ya sauka daga motar nan bai sake ce mini ɗan rediyo ba. Malam yake ce mini, yadda baƙo yake kiran mai masaukinsa.