Naman Layyar Maƙwabcina

A shekarun da nake aikin gwamnati a Kaduna muna zaune a Doka, katanga ɗaya ce tsakaninmu da wani Alhaji, akawu a wata ma'aikata. Duk Babbar Sallah matarsa kan aiko mana da cinyar rago a kwano. Mu kuma ranar Kirsimeti mu aika musu da shinkafa da kaji, kajin ma shi yake yankawa da hannunsa, don iyalinsa su ci hankali kwance.

Ana nan sai wasu samari 'yan makaranta suka shigo majami'armu da koyarwar fitar da aljanu. A wurinsu ciwon kai aljani ne, faɗuwa jarrabawa ma aljani. Na zauna a Kumasi da Duwala, na ji irin wannan gardama da Turanci da Faransanci, amma ban taɓa jin ta leƙa tukunyar mutum ba sai a gida.

Shekarar nan matata tana fama da jiri. Washegarin Sallah, uku daga cikin samarin suka zo yi mata addu'a, idon babbansu ya faɗa kan kwanon naman Alhaji.

"Baba, ga ƙofar da aljanun suke shigowa," in ji shi. "A mayar wa mai shi yau, a cikin kwanonsa, ya san an rufe hanya."

Na ce, "Ɗana, kana goyo na fara cin naman nan. Aljanin me ya tsaya jira, ka gama sakandare?"

"Baba, yaƙin ruhu ba abin wasa ba ne."

"To ku yi mata addu'a, ina so. Amma rago ba ya cikin yaƙin."

Ran Lahadi magana ta kai gaban dattawan ikkilisiya, ina ɗaya daga cikinsu. Wasu na bayan samarin, wasu na kallon ƙasa. Pasto, mutum mai gudun rigima, ya ce ko don zaman lafiya in mayar da naman, in ba haka ba in ɗan sauka daga kujerar dattawa har ƙura ta lafa.

Na ce masa ban musa akwai Shaiɗan ba, na ga aikinsa a ƙasashe da dama. Amma in ɗauki kwano in tsaya a ƙofar mutumin da ya riƙe makarar mahaifiyata, in ce masa kyautarsa ƙazanta ce, wannan in na yi, ni na yi wa Shaiɗan aiki.

Na sauka. Da na koma gida na ce a soya naman da yaji sosai, muka ci kwana huɗu. Matata ta wanke kwanon, ta zuba gyaɗa ta mayar, yadda aka saba.

Shekara biyu na yi ina zama a bencin baya. Alhaji bai taɓa sanin abin da ya faru ba, ni kuma ban ga abin da zai sa in gaya masa ba.