Tiyon Mai a Hannu, Azumi a Baki

A azumin farko bayan sojoji sun koma bariki, an ce mana komai zai gyaru, amma har lokacin a galan muke sayen mai wajen ƴan bumburutu, da dattinsa. Tsohuwar motata kuwa da datti ya toshe mata hanyar mai sai ta yi tari ta mutu. Maganin na san shi sarai: ka buɗe bonet, ka zare tiyon da ke kai mai kafireta, ka sa baki ka zuƙa har dattin ya fito. Sai dai duk ranar da na yi, sai fetur ya wuce mini maƙogwaro.

Wata rana bayan la'asar ta mace mini a Gyadi-Gyadi. Matata na riƙe da kunu da ƙosan da za mu kai wa mahaifiyata a Darmanawa. Na kira wani bakanike daga gefen titi, ya dubi tiyon ya ce, "Alhaji, ni ma azumin nake." Haushi ya turnuƙe ni. Na yi ta murɗa makulli ina dukan sitiyari, har matata ta ce, "Malam, bari haka, ba ji za ta yi ba."

Haka muka zauna kunu yana hucewa, tsohuwa tana can tana duban ƙofa. Da aka kira magariba na ci dabino ɗaya, na sunkuya cikin bonet. Ruwan da na sha ranar, fetur ne.