Wasakin Tsoho a Rijiyar Hanyar Tebaram

Maraɗi zuwa Tawa

Mun bar Maraɗi kafin kiran asalatu, a shekara ta uku da samun mulkin kai. Mu uku ne a cikin Landuroba: Ɗanladi direba, da ni tafinta, da Likita Mohan, Ba'indiye mai bin addinin Hindu, wanda aka turo aikin allurar shanu. Turancin Ingilishi yake ji, ni kuma na tsinci nawa a kantunan Kano. A shingen Madawa jandarma ya juya takardar Likita sama da ƙasa, ya sara masa, muka wuce. Mun shiga Tawa bayan la'asar, aka sauke mu a masaukin baƙi na gwamnati.

Likita ba ya cin nama. Mai masauki ya gasa kaza, Likita ya ce a ba shi wake da cuku, mu muka yi wa kazar adalci. Da safe kunama ta fito daga takalminsa. Ya sa ta a ƙwarya, ya kai ta bayan katanga ya sake ta. Ɗanladi ya ce mini, "Malam, wanga ko sauro ya cije shi, haƙuri zai ba shi."

Bambeye

Mun yi wa shanu allura har azahar, muka sha fura a gidan mai gari, muka kwana. Hanyar Tebaram rairayi ce, sau da yawa sai mun sauka mun tura mota.

Rijiya

Da hantsi muka tsaya wata rijiya don mu zuba wa mota ruwa. Al'adar wurin ita ce duk wanda ya iso ya ajiye wasakinsa, wato babban gugan fata, a bakin rijiya. Jerin wasakai shi ne layi. Na gaba na wani tsoho ne mai suna Arzika. 'Yan shanunsa sun yi zuru-zuru, ɗaya ma ta durƙusa, don tun shekaranjiya ba su sha ba.

Sai ga wani ƙato mai kora wa wani attajiri garke. Ya sa ƙafa ya shure wasakin tsohon, ya dasa nasa. Arzika ya ce, "Ɗana, tun jiya munka iso. Ka bari su sha, in sun ƙara wuni mutuwa za su yi." Ƙaton ya tsula masa bulala a kafaɗa. Mutane suna tsaye, kowa ya san garken wane ne, ba wanda ya motsa. Ɗanladi ya ce mu tafi, ba ruwan baƙo.

Kafin ya rufe baki, Likita ya isa wurin. Bulala ta biyu ba ta sauka ba, don ya riƙe wuyan hannun ƙaton. Mutumin da ya saba kayar da bijimai, riƙonsa ba na wasa ba ne. Ya ce in faɗa masa ya mayar da wasakin inda ya same shi. Na faɗa. Ƙaton ya yi ta fizge-fizge, ya ga ba fita, ya saki bulala.

Da mutane suka ga haka, sai ƙarfin zuciya ya zo musu gaba ɗaya. Suka taso da sanduna. Likita ya juya ya tsaya a gaban ƙaton, ya buɗe hannuwa. Ya ce, "Gaya musu an hana shi, ya isa. Sauran na mai gari ne." Aka ja wa shanun Arzika ruwa, wadda ta durƙusa aka kai mata a ƙwarya, ta sha ta miƙe. Sa'an nan Likita ya ɗauki wasakin ƙaton da kansa ya ajiye a ƙarshen layi, ya ce shanun ba su bugi kowa ba.

A mota na tambaye shi yadda mai sakin kunama ya zama mai murɗe hannu. Ya ce a addininsu an koya musu kada su cuci mai rai, an kuma koya musu cewa mai ƙarfi in ya ga azzalumi ya danne mutumin kirki, shi kuma ya kau da kai, ya bar aikin da ke wuyansa. Amma a hana ba tare da ƙiyayya ba. Na lura har muka shiga Tebaram, ranar bai ci komai ba. Na ji tausayinsa.

Komawa

Mun biyo ta rijiyar a dawowa. Arzika ya tsare mota da ɗan akuya, ya ce, "Ku ba baƙon ga, a yanka mishi." Na ce, "Baba, ba ya cin nama." Ya ce, "To mi yaka ci da yake da ƙarhi haka?" Ɗanladi ne ya amsa, ba dariya a fuskarsa: "Wake, Baba." Tsohon ya mayar da ɗan akuyarsa, ya tatso nono a ƙwarya, Likita ya karɓa da hannu biyu ya shanye.

Mun iso Maraɗi lafiya, muka tarar da iyali lafiya. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu, da mutanen Adar da suka sauke mu.